Wa Ya Kashe, Wa Ya Mutu? Darasin Zuru Kan Labaran Yaƙin Basasar Ƙetare

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. To amma mu mutanen Zuru a shekarun 1990 ji kawai muke da shi, ganin kuwa yana wajen ’ya’yanmu da ke bakin daga a Laberiya da Saliyo. Ina ɗan firamare aka tura ƙanen mahaifina Monrobiya cikin rundunar ECOMOG, wadda ta fara sauka a tashar jiragen ruwan birnin ranar 24 ga Agustan 1990. A lokacin ko Jihar Kebbi ba a ƙirƙiro ba, muna ƙarƙashin Sakkwato. Abin da ba na mantawa shi ne, da zarar an yi magariba sai a fito da rediyo a ɗora bisa turmi a tsakar gida, kakarmu ta matso da tabarmarta, mu yara a hana mu ko tari. Ita Hausarta ba ta nuna sosai ba, C’lela ne harshenta, saboda haka in an gama labarai sai mahaifina ya fassara mata. Ke nan labarin da aka rubuta da Turanci a wata uwa duniya, aka juya shi zuwa Hausa, shi ne ake sake juyawa zuwa C’lela kafin ya isa kunnen uwar sojan da ake magana a kansa.

Ba gidanmu kaɗai ne ya shiga wannan hali ba, domin kuwa da wuya ka sami zuriya a ƙasar Zuru, daga Dabai zuwa Wasagu, daga Fakai zuwa Sakaba, wadda ba ta ba Nijeriya soja ba. Tun zamanin Turawa Lelna da maƙwabtansu suka yi suna a wannan aiki. Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya riƙe muƙamin babban hafsan sojojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999, daidai lokacin da yaƙin Saliyo ya yi tsanani, ɗan Zuru ne, haka ma marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami. Don haka abin da wasu ke kira labaran ƙetare, a wurinmu labarin gida ne. Da na girma na karanci kimiyyar harshe, sai na koma ina bibiyar yadda aka ba mu waɗancan labarai. Abin da na gano, wanda kuma shi ne maƙasudin wannan rubutu, shi ne ɓangaranci a labarin yaƙi ba kasafai yake zuwa da ƙarya tsagwaronta ba. Sau da yawa kowace jimla gaskiya ce, maguɗin yana cikin wanda aka miƙa wa makirfo, da sunan da aka raɗa wa kowane ɓangare, da yadda aka gina jimlar, da kuma abin da aka yi shiru a kansa.

Mu fara da makirfo. Idan ba a manta ba, ranar 24 ga Disamban 1989 ne mayaƙan Charles Taylor suka tsallako daga Kwaddebuwa suka shiga gundumar Nimba ta Laberiya. A lokacin ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Amma a farkon Janairun 1990 Taylor ya buga waya ga shirin Focus on Africa na sashen Turanci na BBC, ya shelanta wa duniya cewa ya zo kawar da Samuel Doe. Daga nan hirarsa da Robin White, editan shirin, ta zama abin da Laberiyawa ke jira kusan kullum. Taylor mutum ne mai zaƙin baki, ya yi karatu a Amurka, ga shi da wayar tauraron ɗan’adam a cikin daji, alhali kuwa manoman da mayaƙansa ke karkashewa ba su da wayar da za su kira kowa. Ba na cewa gidan rediyon ya goyi bayansa, hasali ma an sha yi masa tambayoyi masu zafi. Sai dai wanda ake jin muryarsa kullum, ko da musu ake yi da shi, yakan zama babba a kunnen mai sauraro, kuma muryarsa kan riga shi isa garin da bai ci ba tukuna. Taylor ya fahimci haka sarai, shi ya sa ya kafa nasa gidajen rediyo, waɗanda suka taimaka masa ya lashe zaɓen 1997 da kusan kashi 75 cikin ɗari. Sai a 2012 kotun musamman kan Saliyo ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara 50.

Da Baffa ya dawo, labarin da ya ba mu bai yi daidai da na kowace rediyo ba. Kafafen gwamnatin soja ta wancan lokaci nasara kawai suke kawo mana, ba a ba ’yan ƙasa lissafin waɗanda suka kwanta dama, har sai a 1999 Shugaba Obasanjo ya ce Nijeriya ta kashe kimanin dala biliyan 8, ta kuma rasa sojoji ɗaruruwa a ƙasashen biyu. Su kuwa jaridun Turai abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne laƙabin da ’yan Monrobiya suka yi wa rundunar, inda suka mai da haruffan ECOMOG wata jimlar ba’a mai nufin duk mota ko wani abu mai motsi ya yi ɓatan dabo. Kwasar ganima ta faru, babu amfanin musu. Haka kuma fim ɗin Cry Freetown, wanda ɗan jaridar Saliyo Sorious Samura ya ɗauka lokacin da ’yan tawaye suka afka wa Freetown a Janairun 1999, ya nuna ta’asar ’yan tawayen RUF, ya kuma nuna sojojin ECOMOG suna dukan waɗanda suka kama har da harbe wasu ba tare da shari’a ba. Wannan gaskiya ce da kafafenmu na gida suka ɓoye mana. Amma akwai wata gaskiyar da na waje suka rage wa ƙarfi, wato sojojin Nijeriya ne suka kori gwamnatin sojan Johnny Paul Koroma daga Freetown a Fabrairun 1998 suka mai da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah, kuma su ne suka ƙwato birnin unguwa-unguwa a 1999. Duk da haka, da sojojin Birtaniya suka sauka a Mayun 2000, sai labarin da ya zauna a zukatan duniya ya zama Birtaniya ce ta ceci Saliyo. Matan da suka yi takaba a Zuru ba su shiga wannan labari ba.

Wani darasin da Laberiya ta koya mana shi ne labarin farko ba shi ne na ƙarshe ba. A Yunin 1993 aka yi wa ’yan gudun hijira kimanin 600 kisan gilla a Harbel, kusa da gonar roba ta Firestone. Da farko aka ɗora laifin a kan mayaƙan Taylor. Bayan ’yan watanni kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Amos Wako na Kenya ya ce sojojin gwamnati ne suka aikata. Bayan shekaru kuma, shaidun da suka bayyana gaban hukumar gaskiya da sasantawa ta Laberiya suka sake mai da zargin kan mutanen Taylor. Wanda ya ji labarin ranar farko ya rantse a kansa, da wanda ya ji na kwamitin ya rantse, kowannensu ya yi gaggawa. Abin baƙin ciki, labarin farko shi ake bugawa da manyan baƙaƙe, gyaransa kuwa in ma an yi, a can ƙuryar shafi ake jefa shi.

Yanzu bari in shiga fagen da na fi sani, wato harshe. Mai karatu ya lura da sunayen da muke ji a labarai: ’yan tawaye, ’yan aware, ’yan tada ƙayar baya, ’yan ta’adda, tsageru, ’yan gwagwarmaya, masu fafutukar ’yanci, dakarun sa-kai. Dukkansu mutane ne masu ɗauke da bindiga suna yaƙar wata hukuma, amma kowane suna hukunci ne da aka riga aka yanke kafin a fara sauraron ƙara. Wanda aka kira ɗan gwagwarmaya an ba shi uzuri, wanda aka kira ɗan ta’adda an halatta jininsa. Mai yiwuwa hukuncin daidai ne, amma wajibi ne mai sauraro ya san an yanke masa hukunci, ya kuma tambayi wanda ya yanke. Turanci ma yana da kalmomi biyu na hukuma, ɗaya ta gwamnatin da ake mutuntawa, ɗaya ta wadda aka yi wa tambarin zalunci. Mai fassara zuwa Hausa yana da zaɓi biyu, ko ya ce gwamnati ya wanke tambarin, ko ya ce mulkin kama-karya ya ƙara masa kauri. Duk wanda ya zaɓa, ya sa hannunsa a cikin labarin.

Sai kuma ginin jimla. Hausa tana da ɗan ƙaramin lamirin nan “an”, wanda ke ɓoye aikau. “An kashe mutum 40 a kasuwa” da “sojojin gwamnati sun kashe mutum 40 a kasuwa” labari ɗaya ne, amma jimlar farko gawa ce babu makashi. In ka ji ana yawan cewa wani ɓangare “sun kashe”, ɗaya ɓangaren kuwa kullum “an rasa rayuka” ko “rikici ya rutsa da su”, to ka san inda gidan rediyon ya karkata ko da bai faɗa ba. Haka kalmomin mutuwa suke da matakai a Hausa. Wani ya yi shahada, wani ya rasu, wani ya mutu, wani an hallaka shi, wani kuwa an sheƙe shi. Edita ba ya buƙatar sharhi, aikatau ɗaya ya ishe shi ya gaya maka wanda za ka yi wa kuka da wanda za ka yi wa Allah-ya-ƙara. Daɗin daɗawa akwai kalmomin rahoto. “Ya tabbatar” na nufin a yarda da shi, “ya ce” tsaka-tsaki ne, “ya yi iƙirari” na nufin a yi shakka, “ya amsa” kuwa ya riga ya zama mai laifi. Nakan ba ɗalibaina aikin su saurari labarin yaƙi ɗaya daga tashoshi uku, su jera waɗannan kalmomi a takarda. Ba a taɓa yin aikin ba tare da wani ya dawo yana mamakin abin da kunnensa ya saba haɗiyewa ba.

Kada mu manta mu ma an taɓa mai da mu labarin ƙetare. A yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970, ɓangaren Biyafara ya ɗauki hayar wani kamfanin hulɗa da jama’a a Geneva mai suna Markpress, wanda ya riƙa rarraba sanarwa ga jaridu da ’yan majalisun Turai, yana kai ’yan jarida fagen daga. Gwamnatin tarayya ita ma ta nemi nata masu gyara mata suna a Landan. Yunwar da ta kashe yara a Gabas gaskiya ce, kashe-kashen 1966 ma gaskiya ne, duk mai imani ba zai yi wasa da su ba. Amma hoton da aka sayar wa Turawa da dama shi ne Musulmin Arewa ne ke yaƙar Kiristocin Biyafara, alhali shugaban tarayya Yakubu Gowon Kirista ne da ya tashi a Wusasa ta Zariya, ɗan mai wa’azin bishara, kuma ɗimbin sojojin da ke bakin daga Kiristoci ne da masu addinin gargajiya daga Binuwai da Filato da kudancin Zariya da nan Zuru. An zaɓi bayanin addini ne domin shi ne mai saurin shiga kan Bature, mai kuma buɗe aljihunsa.

Wani zai ce ai duk wannan magana ce ta malaman jami’a, kalma ba ta kisa. To a dubi Libiya. A Fabrairun 2011, da aka fara tayar wa Gaddafi, labarin da ya cika tashoshi shi ne ya ɗauko sojojin haya baƙar fata daga Afirka suna karkashe jama’a. Lallai akwai baƙin mayaƙa a rundunarsa, amma kalmar sojan haya ta faɗa kan duk mai baƙar fata, har da magina da masu wanki da leburori daga Nijar da Nijeriya da Chadi da Mali, waɗanda neman abinci kawai ya kai su. Ƙungiyoyin Amnesty International da Human Rights Watch sun tattara bayanan yadda aka kama su, aka azabtar da su, aka kashe wasu, sannan aka tashi garin Tawergha na baƙaƙen Libiya baki ɗaya. Tashar Aljazeera, wadda jama’armu suka fi amincewa da ita a lokacin, mallakar Katar ce, ita kuwa Katar tana cikin masu taimaka wa ’yan tawayen da makamai. A 2016 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya bayyana cewa an zuzuta barazanar da aka ce fararen hula na fuskanta, wadda da ita aka kafa hujjar kai hari. Kafin wannan gyara ya fito, rumbunan makaman Libiya sun riga sun watsu cikin Sahel, mu kuma muna zaune a bakin Sahel.

Shiru ma wani nau’in ɓangaranci ne. Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hamdan Dagalo, yaƙin da ya raba mutum fiye da miliyan 10 da gidajensu. Sudan ba baƙuwarmu ba ce, hanyar alhazanmu ce ta dā, akwai Hausawa da Fulani masu yawa a can, har da garin Mai Wurno da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Amma sau nawa muka ji Sudan a kanun labarai kafin faɗuwar El Fasher a Oktoban 2025? In ma an kawo, sai a ce rikicin janar-janar biyu ne, bayanin da ke ɓoye zinariya da ƙasashen da ke zuba makamai. Kwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin da ake yi wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na taimaka wa RSF ta Chadi abin dubawa ne, ita kuma ta musanta. Mai kallon tashoshin Larabci ya kamata ya san wace tasha ce ke zaune a wace daula kafin ya ɗauki rahotonta.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus ta bi a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007, ga Sin da Iran da Turkiyya. Babu ƙasar da ke kashe kuɗin talakawanta tana yi mana magana da Hausa don tsabar ƙauna. Mun ga zahiri a Maris ɗin 2025, lokacin da umarni ɗaya daga fadar shugaban Amurka ya rufe bakin Muryar Amurka. Wani hanzari ba gudu ba, ma’aikatan waɗannan sassa ’ya’yanmu ne, da yawansu ƙwararru masu amana, kuma a zamanin mulkin soja daga bakinsu muke jin abin da kafafen gida ba su isa su faɗa ba. Maganin ɓangaranci ba shi ne a toshe su ba, kamar yadda hukumomin sojan Nijar suka dakatar da RFI a 2023 da BBC a 2024, domin wanda ya toshe muryar waje muryarsa kaɗai yake so a ji. Haka kuma wanda ya guji rediyo ya koma ga bidiyon WhatsApp da ba a san mai shi ba, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Abin da ya sa na ga wajibi ne in yi wannan rubutu shi ne injin da ya saƙa labarin Laberiya da Libiya yanzu ya juyo kanmu. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 ’yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren ’yan mata ta Maga, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka sace ɗalibai 25. Abin ya faru ne makonni kaɗan bayan Shugaba Donald Trump ya sake sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake zargi da tauye ’yancin addini. Nan take wani ɗan majalisar Amurka ya bayyana wurin a matsayin yankin Kiristoci, har sai da hukumar ƙaramar hukumar ta fito ta ce yaran Musulmi ne. Duk ɗan Zuru ya san a nan cikin gida ɗaya za ka sami mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, kuma tare suke fita bikin Uhola. An kashe Kiristoci a ƙasarmu, an kashe Musulmi, ’yan sa-kai fiye da 60 da aka yi wa kwanton ɓauna a yankin Sakaba a Maris ɗin 2022 ƙauyukansu suka fita karewa. Duk wanda ya zo ya raba mana gawawwakinmu gida biyu don labarinsa ya yi daɗin ji a ƙasarsa, yana shuka mana abin da ya fi ’yan bindigar haɗari. Haka nan wanda ya ce babu abin da ke faruwa don ya kare sunan gwamnati.

Saboda haka ina kira ga ’yan’uwana masu ilimi, waɗanda jama’a ke tambaya a majalisa da masallaci da coci me ke faruwa a duniya, mu riƙa yi wa kowane labarin yaƙi tambayoyi kafin mu isar da shi. Wa ya faɗa, kuma yana wurin ko an gaya masa ne? Wa ya aikata, in an ce “an”? Wane suna aka ba kowane ɓangare, kuma da a ce abokin mai tashar ne ya yi wannan aiki, da wannan sunan za a kira shi? Muryar wa ba mu ji ba? Editocinmu na Hausa su zauna da masana harshe su fitar da ƙa’ida ɗaya ta fassara waɗannan kalmomi, a yi wa kowa awo da mudu ɗaya. Jaridunmu kuma su daina dogara kacokan ga kamfanonin dillancin labaran Turai kan abin da ke faruwa a Sudan ko Chadi ko Mali, alhali akwai masu jin Hausa a can da waya za ta iya kaiwa gare su. Jami’o’inmu su tura ɗalibai su naɗi bayanan tsofaffin sojojin ECOMOG da ke zaune a Zuru da sauran garuruwa tun suna raye, da daɗinsa da ɗacinsa, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, in mahaifina ya gama yi mata fassara, tambaya ɗaya takan yi masa da C’lela, wai shi mai maganar nan ya ga abin da idonsa? Ba ta taɓa shiga aji ba, amma har yau ban sami tambayar da ta fi wannan ba a cikin littattafan da na karanta. Allah Ya jiƙan sojojinmu da suka kwanta a Laberiya da Saliyo, Ya kawo wa Sudan sauƙi, Ya zaunar da ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.